Bakano a Gidan Kiɗan Landan

(Bakano ya je Landan sarin kaya. Bazazzagi, tsohon mazaunin garin, ya ja shi Royal Albert Hall kallon makaɗan rok masu dogon zango, irin kiɗan da Turawa ke kira prog.)

Bakano: Kai bawana, fam 70 na biya, sannan ka sauke ni a South Kensington ka sa ni taka sayyada kusan minti 15.

Bazazzagi: Ita ce tashar jirgin ƙasa ta kusa, Alhaji. Ungo wannan soso, toshe kunnenka.

Bakano: In biya kuɗin ji, in kuma toshe kunne? Cinikin Zage-zagi ke nan.

Bazazzagi: Ƙarar tana kai desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma a haka minti 15 ya isa ya fara yi wa kunne ɓarna. Murza soson ya sirance, ja kunnen sama, tura, ka riƙe daƙiƙa 30 ya kumbura. Rage ƙarar yake yi, ba ya kashe kiɗan.

Bakano: Ga kujeru can bayan dandamali, na san sun fi araha.

Bazazzagi: Can ƙeyar mai ganga za ka kalla, lasifikoki sun juya maka baya. Nan kusa da teburin mai daidaita sauti muke, abin da kunnensa ke ji shi za mu ji.

Bakano: Waɗancan fayafayan da ke reto a rufi fa?

Bazazzagi: A 1969 aka rataya su don kashe amsa-kuwwa. Da can kowane sauti sau biyu ake jin sa.

Bakano: Sau biyu a kuɗi ɗaya, shi ne suka gyara? Allah wadaran naka ya lalace!

(An fara.)

Bakano: Minti shida ke nan suna ta saita kaya. Yaushe za a soma?

Bazazzagi: An soma tuni, wannan sharar fage ce. Waƙa ɗaya takan kai minti 20, kashi-kashi.

Bakano: Mai gangar nan kuwa lafiya? Kiɗan ɗingishi yake yi.

Bazazzagi: Kai ne ke ƙirga huɗu-huɗu. Bakwai ne. Ɗaya biyu, ɗaya biyu, ɗaya biyu uku. In ka nace wa takwas, kowane zagaye ƙafarka za ta makara da bugu guda.

Bakano: To an cinye mini bugu ɗaya a kowane takwas. Ko a Kurmi ba a tauye mudu haka.

(Kiɗa ya ɗauke. Bakano ya miƙe yana tafi shi kaɗai.)

Bazazzagi: Zauna! Ba a gama ba, numfashi suke yi tsakanin kashi biyu. Jira mai jita ya saki wuyan jitar, an haska fitilu, sannan ka tafa.

Bakano: Wuya wanne? Biyu gare ta.

Bazazzagi: Na sama tsirkiya 12, na ƙasa shida. Babu lokacin sauya jita a tsakiyar waƙa.

Bakano: Ina jin goge, ban ga mai goge ba.

Bazazzagi: Wancan akwatin ne, Mellotron. Kowane maɓalli da zaren kaset ɗinsa a ciki, an naɗi goge a kai. Daƙiƙa takwas zaren ke ƙarewa, dole ya ɗaga yatsa ya koma farko. In injin ya yi zafi ko wuta ta yi rawa, sai muryar ta karkace.

Bakano: Ashe su ma janareto ke ba su kunya. Bari in je in yi wa mai gangar liƙi, ya yi gumi.

Bazazzagi: Kafin ka kai dandamali dogarawan ƙofa sun kai ka titi. Mai da wayar ma aljihu, wasu makaɗan sun hana ɗaukar hoto.

(Makaɗa sun rusuna sun fice.)

Bakano: Tashi mu tafi kafin cunkoso.

Bazazzagi: Fitilun zaure ba su kunnu ba, za su dawo su ƙara ɗaya.

Bakano: Gyara ke nan?

Bazazzagi: Gyara.

Bakano: Waƙa bakwai na ƙirga, fam goma-goma. Da gyara ta faɗo ƙasa da tara. Zauna, bawana, miƙo mini soson, ɗaya ya faɗi tun a waƙa ta biyu.