Mai makoki ba ya da ranar sallama

Jiya a gidan suna na ji maganar da ta hana ni barci. Ana cikin rabon waina, wata ta leƙa ɗakin da baƙuwar gidan take, ta dawo tana taɓe baki: "Wai har yanzu ba ta daina kukan nan ba? Ai ya kamata ta rungumi ƙaddara." Baƙuwar ƙanwar maigidan ce, daga Mokwa ta Jihar Neja aka ɗauko ta bayan ambaliyar 29 ga Mayu 2025. An ga gawar autanta, an yi masa sutura. Mijinta da babbar 'yarta kuwa har yau shiru.

Haba jama'a! Yaushe muka fara yanka wa baƙin ciki wa'adi?

Ruwan nan da asuba ya shigo unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a Mokwa, mutane na kwance, saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah. Gawar da aka tsamo ta haura 150, waɗanda ba a gani ba kuma Allah kaɗai ya san adadinsu. Wanda ya binne nasa ya san inda zai tsaya ya yi addu'a. Wadda ba ta ga gawa ba fa? Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi, ko shi ne. Ko maganar takaba sai an je gaban malamai, don ba ta san matsayinta ba, matar aure ce ko mai takaba. Ita za ki ce wa kukan ya isa, ke da kika kwana da 'ya'yanki cif a ɗaki?

Mun iya ranar farko, wallahi mun iya. Innalillahi ta cika Facebook, a tura hotuna, a cika zaure ranar uku da ranar bakwai. Da an naɗe tabarmi shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Haka muka yi wa mutanen Maiduguri da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024, mako biyu ana jimami, sai wani labarin ya zo ya ture.

Alhali lokacin ne wahalar take somawa. Ginin ƙasa idan ya sha ruwa narkewa yake yi, ba abin da za ka ɗauka a ciki. Hatsin da aka ajiye ya jiƙe ya tsiro a buhu. Rijiya ta haɗu da masai, sai gudawa da amai su bi yara. Ɗan jarin da uwa take juyawa da ƙosai ya bi ruwa tare da kaskon, takardun makaranta sun zama laka, awaki ba ko ɗaya. Mutumin da jiya shi ke aika wa maƙwabta tuwo, yau yana layi a harabar firamare yana jiran kwanon shinkafa, kunya kamar ta kashe shi.

Kuma mu daina fakewa da "yi haƙuri" muna toshe wa mutane baki. Sau da yawa ma'anarta ita ce ki yi shiru, kin dame mu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Annabi Yaƙub ya yi kukan Yusuf har idanunsa suka yi fari. Wa ya fi su tawakkali?

Ke matar gida da aka sauke wa 'yar uwar miji, na san gidan ya yi ƙunci, na san tukunya ta ƙaru, kuma tsadar nan ba ta bar kowa ba. Allah ya ba ki lada. Amma don girman Allah kada ki bari ta ji kina lissafin kwanakin da ta yi. Kai ma Alhaji, da aka ɗauke ka hoto kana miƙa buhun shinkafa, ka taɓa komawa ka ga ko sun samu rufi?

Don Allah ku nemi wanda kuka sani cikinsu. Ku je da ƙafarku, ku zauna, in ta fara ba da labarin a karo na goma ku saurara. Ku biya wa maraya kuɗin makaranta, ku ɗauki kwano biyu na masara ku kai ba tare da an roƙa ba. Yau ɗin nan, kada a ce sai an samu hali.