Kada ka goge Windows ɗinka tukuna

Jama'a, assalamu alaikum. Maganar nan da ɗalibai nake, da masu shagunan buga takardu na Samaru, Kongo, PZ da Sabon Gari, sai kuma 'yan uwana masoya Linux, manhajar da ake tafiyar da kwamfuta da ita a madadin Windows, don su ma akwai abin da nake son mu faɗa wa juna.

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum. An ba da ɗan ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga wanda ya yi rajista, amma shi ma mai ƙarewa ne. Ita kuwa Windows 11 da sharuɗɗanta ta zo: sai kwamfuta tana da TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin na'urar, kuma in ta Intel ce, sai injinta ya kai ƙarni na takwas zuwa sama. To duba laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu da yawa. 'Yan gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo, ƙarni na huɗu, na biyar, na shida. Lafiyarsu ƙalau, suna buga rubutu, suna shiga intanet, amma a takarda an ce zamaninsu ya wuce. Uban da ya sayar da buhunan masara ya saya wa 'yarsa wannan laftof ba zai sake sayen wata ba don wani kamfani a Amurka ya canza sharaɗi.

Ga kuma abin da kowa ya sani, ba a dai cika faɗa ba. In ka kai kwamfuta a yi mata fomatin, da wuya ta dawo ba tare da Office, CorelDRAW, Photoshop ko SPSS na kirak ba, wato waɗanda aka ɓalle wa makullin lasisi. Mai gyara da bakinsa zai ce maka sai an kashe antibairos kafin a sa. Wato da hannunka ka buɗe ƙofa, ka shigar da abin da ba ka san wanda ya taɓa shi ba, a cikin na'urar da kake shiga asusun bankinka da ita, wadda furojet ɗinka na shekarar ƙarshe ke ciki. A watan Mayu 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnatin Ingila, kuma waɗanda ta fi kamawa su ne masu Windows ɗin da ba a sabunta ba. Ban da tsaro ma, akwai haƙƙi. Ni dai raina bai taɓa kwanciya ba da a ce abincin mutum gaba ɗaya ya rataya a kan kayan da aka ɓalle wa makulli.

Mafita tana nan, ita ce manhaja mai 'yanci, kuma ta girmi yawancin masu karanta wannan rubutu. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU na gina irin waɗannan manhajoji a Amurka, ya kafa gidauniyarsa a 1985, a kan cewa mai amfani da manhaja yana da 'yanci huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya duba yadda aka gina ta ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ya kuma raba wadda ya gyara. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da Linux. Ba rashin biyan kuɗi kaɗai ake nufi ba. WhatsApp ma ba ka biya, amma ba ka da ikon leƙa cikinsa, balle ka gyara. A manhaja mai 'yanci, asalin rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, lasisin da kansa ne ya ce ka kwafa ka bayar.

Kuma ka riga ka fara amfani da su ko ba ka sani ba. Wayarka ta Android a kan Linux take zaune. VLC ɗin da kake kallon wa'azi ko wasan ƙwallo da shi, ɗalibai ne suka fara shi a wata makarantar injiniya a Faransa. Wikipedia ta Hausa a kan MediaWiki take, ita ma manhaja mai 'yanci ce. Tun Nuwamba 2017 duka kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya Linux suke amfani da ita. Saboda haka maganar wai kayan kyauta ba su da inganci, a ajiye ta gefe.

Inda muke yin kuskure shi ne wajen shiga. Yaro zai ji daɗin Linux, ya kama laftof ɗin abokinsa da daddare, ya goge Windows, ya sa Ubuntu, wani nau'in Linux. Washegari abokin ya nemi Word babu, firinta ta ƙi, fayil ɗin da sufabaiza ya yi wa gyara ya buɗe a karkace. Kafin la'asar an koma shago an mayar da Windows ta kirak, kuma wannan mutumin har abada in ya ji an ce Linux zai ce Allah ya kiyaye. An yi asarar mutum guda, shi kuma zai hana goma.

Ra'ayina shi ne Windows ce abu na ƙarshe da za ka taɓa. Ka fara da manhajojin da ke kanta, ɗaya bayan ɗaya, domin kusan dukkan manyan manhajoji masu 'yanci suna aiki a kan Windows. Haka rundunar jandarmomin Faransa ta yi, mai dubban kwamfutoci. Zuwa 2005 sun koma OpenOffice a madadin Office, a 2006 suka shiga burauzar Firefox da Thunderbird ta imel, sai a 2008 suka yanke shawarar komawa Ubuntu. Lokacin da Linux ta iso teburin jami'i, kayan aikin da ya tarar a ciki su ne waɗanda ya saba da su shekaru. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, da ta sanar a 2024 cewa za ta sauya kwamfutoci kimanin 30,000, ita ma da LibreOffice ta fara. In gwamnatoci masu kuɗi da ma'aikata sun bi a sannu, ɗalibin da ke da laftof ɗaya tak ya fi su buƙatar haka.

Matakin farko, sa Firefox kusa da burauzar da kake da ita. Wannan ba ya buƙatar koyo. Wuce.

LibreOffice ce wurin da ya kamata a tsaya a yi bayani, don a nan ne mutane suka fi karaya. Ta samo asali daga OpenOffice a 2010, tana da Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Tana buɗe fayilolin Word, tana kuma ajiyewa a tsarinsu. Amma gaskiya ita ce wani lokaci shafi yakan motsa, tebur ya ɗan zame, lambar shafi ta sauya wuri. Sau da yawa dalilin ba ya wuce salon harafi. An ce ka yi rubutu da Times New Roman, kwamfutar da ka buɗe fayil ɗin a kai ba ta da shi, sai ta sa wani mai faɗi daban, layuka su tura juna. A kan Windows wannan ba matsala ba ce tunda harafin yana nan. A kan Linux kuma akwai Liberation Serif, wanda aka auna faɗinsa daidai da na Times New Roman, da Carlito a madadin Calibri. Sannan in za ka kai aiki shago a buga, kada ka kai fayil ɗin Word. Mayar da shi PDF, maɓalli ɗaya ne a LibreOffice, yadda ka tsara haka zai fito a kowace firinta.

Wata shawara da nake so ɗalibai su riƙe: wanda ke babi na huɗu, sufabaiza na jiransa, kada ya canza komai yanzu. Ya gama da abin da ya fara. A fara LibreOffice da wasiƙa, da asayimen mai shafi biyu, da lissafin adashi ko na kayan shago a Calc. In hannu ya saba sai a ɗauki babban aiki.

Abin da nake roƙon kowane ɗalibin digiri na biyu da na uku ya sa yau yau ɗin nan shi ne Zotero. Tana tattara maka littattafai da maƙalun da ka karanta, ta jera manazarta a salon APA ko wanda sashenku ya ce, tana kuma aiki da Word da LibreOffice duka. Mutum ya kwana yana gyara waƙafi da aya a jerin manazarta da hannu, alhali ga abin da zai yi masa cikin daƙiƙa, wannan yana ba ni takaici. Masu nazarin alƙaluma kuma, akwai jamovi da JASP da PSPP, waɗanda wanda ya saba da SPSS ba zai ɓata a cikinsu ba. Wanda ya ƙara zurfi ya shiga R, wadda malamai biyu na Jami'ar Auckland suka fara a farkon shekarun 1990. 'Yan taswira da safiyo da tsara birane, ga QGIS. 'Yan injiniya, GNU Octave tana karanta yawancin abin da aka rubuta don MATLAB.

Ba zan rufe ku ba, akwai wuraren da sauyin ke da wuya. Mai shagon da ke buga katin biki, kalanda da fastar siyasa, rayuwarsa a kan CorelDRAW take, abokan cinikinsa da masu manyan injina duk fayil ɗin Corel suke miƙa wa juna. Inkscape tana zane mai kyau ƙwarai, tana ma buɗe wasu fayilolin Corel, amma ba koyaushe suke fitowa daidai ba, kuma wajen raba launi na maɗaba'a sai an haɗa da Scribus. Haka mai zanen gini da AutoCAD. Irin wannan mutum ba za a ce masa ya yar da abin da yake ci da shi ba. Ya koyi Inkscape da GIMP, madadin Photoshop, a lokacin da babu kwastoma, ya fara da ƙananan ayyuka. In kuma aikinsa ya kai ya sayi lasisi na halak, ya saya, babu aibi. Masu bidiyo sun fi samun sauƙi: Kdenlive, Shotcut, Audacity don sauti, OBS Studio don watsa tafsiri ko lacca kai tsaye. Blender kuwa, fim ɗin zane na ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar a 2025 da ita aka yi shi.

Bayan wata biyu ko uku, in ka ga yawancin aikinka ya koma kan waɗannan, to lokacin leƙa Linux ya yi, kuma ko a nan ba gogewa za ka yi ba. Nemi filash mai gig 8, a sa maka Linux Mint a kai da Rufus ko Ventoy, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Za ta buɗe cikakkiya ba tare da ta taɓa komai naka ba, in ka zare filash ka dawo Windows ɗinka. A nan za ka gwada ko waya-fai na kamawa, ko sauti na fita, ko ta ga firintarka, ko tana haɗuwa da hotsifot ɗin wayarka. Na ce Mint ne don fuskarta ta yi kama da wadda mai Windows ya sani, kuma nau'inta na Xfce yana tafiya da sauƙi a kan tsohuwar laftof mai ram gig 4. A kan Ubuntu aka gina ta, ita kuma Ubuntu ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ne ya kafa ta a 2004. Fayil ɗin ya kusa gig 3, ga tsadar data, amma mutum ɗaya ya sauke ya isa hostel guda, kuma wannan rabon halak ne, lasisin ne ya ba ku dama.

Ranar da za a sa ta da gaske, a kwashe duk fayiloli zuwa wani wuri tukuna, a tabbatar sun buɗe a can. A sa ta gefe da Windows, a riƙa zaɓa in an kunna. A kuma cika batir, ko a yi inda akwai sola, don ɗauke wuta ana tsakiyar raba ma'ajiyar kwamfutar (hard disk) ba ƙaramar ɓarna yake yi ba.

'Yan uwana masoya Linux, mu rage gori. Wanda ya tambaye ka yadda ake sa manhaja, kada ka fara buɗe masa baƙin allo kana zuba umarni don ya san ka iya. Nuna masa ma'ajiyar manhajoji, ya danna da kansa. Kada ka sa wa sabon shiga Kali, nau'in Linux na masu gwajin tsaro, don sunanta na burge samari, ba don aikin yau da kullum aka yi ta ba. In ka sa wa mutum Linux, ka ɗauki nauyinsa na wata guda, ka amsa kiransa ko tambayar ta yi maka ƙanƙanta.

Akwai wani dalili da ya sa abin nan ya dame ni a matsayina na Bazazzage. A garin nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Kamfanin Gaskiya ya zauna, a nan Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962. Garin rubutun Hausa ne. Amma har yau mutum zai kai rubutu shago, a buga masa ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa, ko su fito kamar akwatuna. Maganin wannan a cikin kayan nan masu 'yanci yake: Keyman don allon rubutu, haruffan Charis da Andika da Noto waɗanda ke ɗauke da dukkan haruffanmu, har da Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta zana a kan salon ajamin Kano. Babu wanda zai hana mu fassara waɗannan manhajoji zuwa Hausa, ko mu ba da muryoyinmu a Common Voice na Mozilla, aikin tara muryoyi don koya wa na'ura jin magana, inda Hausa ke da gurbi. Wannan aikin ba sai ka iya rubuta manhaja ba, ɗalibin sashen Hausa ya fi injiniya dacewa da shi.

Masu shaguna, ga roƙona gare ku. Cikin kwamfutocinku ku ware ɗaya, ku sa mata LibreOffice, Keyman da waɗannan haruffa, ku bar sauran yadda suke. Duk yaron da kuka ɗauka koyon taifin, ku koya masa a kan duka biyun. Wanda ke Samaru ko Tudun Wada kuma yana son a sa masa Mint a filash, ya yi magana a ƙasa, in Allah ya yarda za mu sa rana, ya zo da filash ɗinsa da caja.