Zanen aro ba ya rufe katara, ko da a Japan aka zana shi

Kashin farko na Lucky Star, wani anime (shirin zane mai motsi na Japan) wanda kamfanin Kyoto Animation ya fitar a 2007, ya ɓata mintuna masu yawa a kan burodi. 'Yan matan sakandare ne zaune a aji lokacin cin abinci, ɗaya na riƙe da wani burodi mai siffar ƙaho da aka ɗura wa cakulan. Sai ta tambayi ƙawarta ta ina ake fara cinsa, kuma wai ina ne kai, ina ne gindi, ɓangaren siriri ko mai kauri? Ta ukunsu, wadda komai sai ta kawo masa bayani, ta ce ai gutsuro siririn ake yi a dangwala a cakulan ɗin da ke ɗaya bakin. Daga nan hira ta gangara kan wasu kayan maƙulashe. Babu wanda aka sace, babu dodon da ya tunkaro gari. Shi ke nan.

Irin wannan anime Japanawa ke kira nichijou-kei, wato na rayuwar yau da kullum. Da yawansu daga zanen barkwanci mai gida huɗu suka samo asali, irin wanda ake bugawa a mujallu: a ɗaura zance a gida na ɗaya, a kwance shi a na huɗu. To idan aka ce a mayar da wannan shirin talabijin na kusan minti 24, har kashi 24 ko 26, dole a nemo abin cike gurbi. Kuma abin da ya fi sauƙin samu shi ne kwaikwayon ba'a: a ɗauko wani shahararren shiri, ko talla, ko wasan kwamfuta, a juya shi a yi dariya.

Ni ban ɗauki wannan laifi ba. Mu da muka san 'yan kama, waɗanda ke ɗaukar waƙar babban mawaƙi su mayar da ita ta tuwo da miya, ba ma buƙatar a koya mana daɗin abin. Amma mun kuma san sharaɗinsa: sai ka san waƙar asali za ka ji daɗin ta ɗan kama. In ba ka san ta ba, wani mutum kawai ka gani yana ihu a kan abinci.

A nan gizo ke saƙar. A Lucky Star akwai inda Konata, jarumar shirin, take aiki a wani shagon shayi sanye da kayan Haruhi Suzumiya, jarumar wani shahararren anime na daban, har da taka rawar wancan shirin. Ga ɗan kallon Japan na 2007 wannan barkwanci ne mai hawa biyu, domin kamfani ɗaya ne ya yi su, kuma mace ɗaya, Aya Hirano, ita ce muryar Haruhi ita ce ta Konata. Na kalli wannan wurin da ƙanwata a waya, muna bin fassarar Turanci da ke gudu a ƙasan allo. Ni ina ta ƙyaƙyata dariya, ita ta yi zuru. Can ta ce, "Yaya, wai me aka yi ne?" Na fara yi mata bayani, kafin in kai rabi na ji abin ya fita raina ni ma. Barkwancin da sai an yi masa tafsiri ya riga ya huce.

Mu masu kallo daga nesa, ta fassara, kuma bayan shekaru, mu ne ma'aunin gaskiya na irin waɗannan shirye-shirye. Duk abin da aka aro ya zube a hanya kafin ya iso gare mu. Abin da ya iso shi ne na shirin na kansa.

Wani lokacin ma ba sai an jira shekaru ba. Osomatsu-san na 2015, wanda aka gina a kan tsohon zanen Fujio Akatsuka na shekarun 1960, ya cika kashinsa na farko da shaguɓe ga shahararrun anime na lokacin. Ba a jima ba aka janye wannan kashin daga intanet, kuma ba a saka shi a faifan sayarwa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Japan ba ta ware wa kwaikwayon ba'a wata kariya ta musamman ba, don haka mai aron zane kullum yana sauraron sallamar mai shi.

Sai dai akwai kuskuren da ya fi wannan ban haushi a wurina, kuma masu neman a ce shirinsu na da ma'ana ne ke tafka shi. Za a shafe kashi goma ana shashanci, kwatsam a na goma sha ɗaya a kwantar da wani a asibiti, a saki kiɗa mai sanyi, a ce mu yi kuka. A kan wa? Ba a taɓa ba mu dalilin ɗaukar mutanen nan a matsayin mutane ba. Wannan ma aro ne, sai dai hawaye aka aro maimakon dariya. Gara min Pop Team Epic na 2018, wanda bai taɓa yin kamar yana da wani saƙo ba, har yakan maimaita kashi guda sau biyu a jere da muryoyi daban. Ya san hauka yake yi, bai kuma nemi a kira shi malam ba.

Inda aka dace, nauyin labarin na cikin barkwancin tun farko. Dubi Nichijou na 2011, daga zanen Keiichi Arawi. Shiri ne da shugaban makaranta ke kokawa da barewa a tsakar makaranta, ya ɗaga ta ya maka da ƙasa, wata ɗaliba da aka kora waje tana kallo ta taga baki buɗe. Ba ka buƙatar sanin wani shiri kafin wannan ya kama ka. A cikinsa kuma akwai Nano, mutum-mutumin da wata yarinya 'yar shekara 8 ta ƙera, da ƙaton makulli irin na wana agogo a gadon bayanta. Makullin abin dariya ne: yana hana ta jingina da kujera, yana tona mata asiri duk inda ta shiga. Amma shi ne kuma ciwon da ke ranta, domin burinta kawai a ɗauke ta kamar kowace yarinya, ta je makaranta. Sai da aka ci rabin shirin kafin ta samu shiga aji. Ƙawayenta sun gane ko ita mece ce, ko a jikinsu. Da damar cire makullin ta zo a ƙarshe, sai ta zaɓi a bar mata kayanta. Abu guda ne ya ba ka dariya tun kashin farko, shi ne kuma ya sa ka yi shiru a na 26. Ba a shigo da komai daga waje ba.

Shi ma Lucky Star, duk da yawan aronsa, ya san wannan. Tun da wuri an sanar da mu, a cikin raha, cewa mahaifiyar Konata ta rasu tun Konata tana ƙarama, kuma mahaifinta marubuci ne mai ɗabi'u na ban takaici. A kashi na 22 Konata ta tambaye shi abin da ya sa mahaifiyarta ta yarda ta aure shi. Ya amsa da gaske, ba wasa. Fatalwar matar na tsaye a ɗakin tana saurare, ba sa ganinta. Da suka tashi ɗaukar hoto sai ta matso ta shiga tsakaninsu. Hoto ya fito da wata inuwa, uba da 'ya suka firgita, suka hau rige-rigen yadda za a rabu da shi, ita kuwa tana roƙon kada a goge. Ko a nan ba a ajiye barkwancin ba, kuma shi ya sa wurin bai zama na roƙon hawaye ba. Yasuhiro Takemoto, wanda ya karɓi ragamar shirin daga kashi na 5, yana cikin mutum 36 da suka rasu a wutar da aka cinna wa ginin Kyoto Animation ranar 18 ga Yulin 2019.

Masu cewa kwaikwayon ba'a ne ya sayar da Lucky Star suna da tasu gaskiyar, domin shi ya tara masa jama'a a shekararsa. Amma a duba abin da jama'ar suka yi daga baya. A shirin, tagwaye biyu ƙawayen Konata, Kagami da Tsukasa, 'ya'yan mai kula da wani wurin bautar Shinto (addinin gargajiya na Japan) ne, wanda aka zana daga na Washinomiya da ke lardin Saitama. Masoya suka riƙa yin tattaki zuwa can, masu ziyarar sabuwar shekara suka ninka, har a 2008 hukumar garin ta ba iyalin tagwayen takardar zama 'yan gari ta girmamawa. Ba shagon shayin da aka yi rawar Haruhi ne ya ja wannan taron ba. Ƙofar gidan su Kagami da Tsukasa suka je gani.