Galahanga: suna ɗaya ya yi wa mutum biyu kaɗan

Yara 11 kacal likita Leo Kanner ya yi bayaninsu a Amurka a 1943, kuma an daɗe ana ɗaukar galahanga (autism, lalurar da ke shafar mu'amala da sadarwa da mutane) a matsayin lalurar da ba kasafai ake gani ba. Yau hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, na cewa cikin yara 31 masu shekara takwas, ɗaya na da ita, alhali a 2000 ɗaya cikin 150 ne. Masu bincike da dama na danganta babban kaso na wannan hauhawa da yawan gwaji da kuma faɗaɗa ma'aunin gane lalurar. A 1994 aka shigar da lalurar Asperger, mai kama da galahanga amma ba tare da jinkirin fara magana ba, cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, a 2013 kuma aka game ta da galahanga da dangoginsu ƙarƙashin suna guda.

Ba na cikin masu cewa a rufe ƙofar da faɗaɗa ma'aunin ya buɗe. Matar da ta kai shekara arba'in ana kiran ta mai girman kai don ba ta iya haɗa ido da mutane, ranar da likita ya faɗa mata abin da ke damun ta, ai an sauke mata kaya.

Damuwata tana wajen saurayin da ya haura ashirin bai taɓa furta jimla ba, wanda ke buga kansa da bango idan ƙara ta yi yawa, uwarsa kuma ba ta barci sai ta ɓoye makullin ƙofa. Shi da injiniyan da hayaniyar ofis ke takura wa, takarda iri ɗaya suke riƙe da ita. To idan bincike ya buƙaci a cike fom, ko a kwanta shiru cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, wa za a ɗauka? Idan majalisa ta nemi jin ta bakin masu lalurar, wa zai tashi ya yi magana?

Kundin 2013 ya raba tsananin lalurar zuwa matakai uku, gaskiya ne, amma lambar da ke cikin fayil ba ta isa kunnen masu tsara kasafin kuɗi. Shi ya sa nake goyon bayan kwamitin mujallar likitanci ta Lancet, wanda a 2021 ya ba da shawarar a ware suna ga masu tsananin lalurar, waɗanda ke buƙatar mai kula dare da rana. Masu adawa na tsoron a mayar da su saniyar ware, kuma tarihin gidajen da aka riƙa kulle irinsu ya ba su hujja. Sai dai gwamnatin da ba ta san adadinsu ba, ba za ta tanadi wanda zai riƙe saurayin nan ranar da uwarsa ta tsufa ba.