Wai dish ɗin nan na wane ne?

Yammacin Lahadin da ta wuce muna zaune a wurin shan atayarmu a Nima, nan Accra, ana kallon Firimiya, sai hadari ya taso ta wajen Maamobi. Hoto ya fara daddatsewa, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga ya tsaya cak kamar an ɗaure shi, daga nan allo ya yi baƙi. Duk mai dish ya san ba a taɓa komai, zama ake a jira ruwa ya ɗauke. To a jiran nan ne musu ya ɓarke.

Wani ya ce ai yanzu DStv na Faransawa ne. Wani ya ce ƙarya ne, na Afirka ta Kudu ne tun fil'azal. Wani dattijonmu, wanda ba ya shiga magana sai ta yi nisa, ya ajiye kofinsa ya ce: "Ku yara ba ku san komai ba. Duk kamfanin da kuka ga ya daɗe a ƙasar nan, akwai babban mutum a bayansa yana cin rabonsa." Aka ce, "Baba Alhaji, wane ne?" Ya ce shi ba ya kiran suna. Aka yi dariya, amma na lura rabin wurin sun yarda da shi.

Shekara da shekaru ina jin irin wannan zance. Wai ɗan siyasa kaza na da hannun jari, wai shi ya sa ba a iya taɓa su, wai wancan kamfanin da wannan duk na mutum ɗaya ne, faɗan nasu wasan kwaikwayo ne. Ni abin da na gani shi ne muna ɓata yawunmu a inda ba kuɗin yake ba. Sunan mai kamfani ba ɓoyayyen abu ba ne, yana nan a rubuce. Abin da ke cin aljihunmu wani abu ne daban, kuma ba ma cika zancensa ba.

Bari mu fara sauke nauyin musun. Wanda ya ce Faransawa da wanda ya ce Afirka ta Kudu, kowa na riƙe da rabin gaskiya. MultiChoice ne ya buɗe DStv a 1995, kamfanin Afirka ta Kudu, a ƙarƙashin Naspers. A 2019 Naspers ya sake shi ya tsaya da ƙafarsa a kasuwar hannun jari ta Johannesburg. Daga 2020 Canal+ na Faransa ya fara sayen hannun jarinsa kaɗan-kaɗan, irin yadda mai haƙuri ke tara kuɗin adashe, har a farkon 2024 ya haye kashi 35 cikin ɗari. Dokar can ta ce wanda ya kai wannan matsayi dole ya yi tayin sayen sauran. Ya taya rand 125 kowane hannun jari, hukumomi suka yi ta nazari fiye da shekara guda, a Satumbar 2025 ragama ta koma hannunsa. Shi kuma Canal+ ɗin, iyalan Bolloré ne masu babbar murya a cikinsa. StarTimes na China ne, Pang Xinxing ya kafa shi a 1988. Multi TV namu ne na gida, na Multimedia, masu tashoshin Adom da Joy, tun 2009. HD+ da ya shigo ƙarshen 2020 yana tallan hoto garau, na SES ne, kamfanin Luxembourg mai taurarin da dish-dish ɗinmu na kyauta ke fuskanta. Wannan duk ba sirri ba ne. Yaron da ke da data a wayarsa zai binciko shi kafin ataya ta biyu ta tafasa.

Amma ku dubi abin da cinikin nan ya yi mana mu da ke zaune tsakanin Togo da Burkina da Kwaddibuwa. Maƙwabtanmu uku duk yankin Canal+ ne. Kowa a Zango ya san gidan da aka shigo da dikodar Canal+ daga Lome, ana kallon ƙwallo da sharhin Faransanci, ba a jin komai sai sunan ɗan wasa, amma ana kallo, saboda lissafin ya fi sauƙi. Wannan ita ce 'yar ƙofar baya da mutum ke bi idan ya yi fushi. Yau mai ƙofar gaba da mai ƙofar baya mutum ɗaya ne. Ka gudu daga ɗakinsa ka faɗa zaurensa.

Ƙanena yana sana'ar ɗaura dish, kuma a wurinsa na fahimci inda maganar take. Na taɓa raka shi wani gida a Madina. Ya hau rufin kwano da tsakar rana, sifana a baki, 'yar na'urar neman siginal rataye a wuya, yana juya farantin a hankali kamar mai tankaɗe, tana ƙara tana dainawa, ni ina ƙasa ina riƙe da tsani. Da ya sauko yana share gumi na tambaye shi wane kamfani ya fi kyan hoto. Ya ce, "Yaya, shekara nawa ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa kirana ya tambaye ni kyan hoto da farko. Maigida zai ce, akwai Firimiya? Uwargida za ta ce, akwai tashar Hausa? Shi ke nan. Sauran tashoshi ɗari da ke ciki ko rimot ba ya bi ta kansu."

Nan ne gizo ke saƙa. Ƙarfen dish Zongo Lane cike yake da shi, dikoda kuwa har ƙasa da kuɗinta kamfani kan sayar don ka shigo. Hoton HD a yau kowa na iya bayarwa. Abin da ba kowa ke iya bayarwa ba shi ne izinin haska wasa, wanda ake gwanjonsa da dala, na shekara uku ko huɗu, kuma wanda ya saya yakan saya shi kaɗai. Mai wannan takarda shi ne mai dish ɗinka na gaskiya, ko sunan wa ke manne a jikin farantin.

In kuna shakka, ku ƙirga kaburbura. A 2007 wani kamfanin Ingila mai suna GTV, ba GTV ɗinmu ta gwamnati ba, sunan ne kawai ya zo ɗaya, ya ƙwace mafi yawan wasannin Firimiya a ƙasashen Afirka da dama. Aka yi murna an samu kishiya. A Janairun 2009 ya rufe dare ɗaya, mutane suka wayi gari da dikoda ba hoto. A Najeriya HiTV na Toyin Subair shi ma ya karɓe Firimiya a 2007, a 2010 ta suɓuce masa saboda kuɗin sabuntawa ya fi ƙarfinsa, bai ƙara shekara biyu ba. Kwesé na attajirin Zimbabwe Strive Masiyiwa ya zo da ƙarfinsa da wasanni iri-iri, amma babbar ƙwallon ba ta cika a hannunsa ba, a 2019 aka naɗe tabarma. Uku ke nan, kuma kowanne da masu kuɗi a bayansa. Ba rashin uban gida ya kashe su ba. Wanda ya ci gwanjon, kuɗin ya karya shi. Wanda bai ci ba, mu muka ƙi zuwa.

Eh, mu. Nan ne ba ma son a taɓa. Muna kukan ba gasa, amma ranar da sabon kamfani ya zo ba Arsenal ba Chelsea, ko kallonsa ba ma yi. StarTimes ya gane haka, shi ya sa ya bi ta wata hanya: araha, finafinai, tashoshin harsunan gida, da gasar ƙwallon Ghana da ya karɓa a 2016 ya sake karɓa a 2020. Ku gaya mini tsakani da Allah, a gidajen kallonmu, in Hearts da Kotoko suka zo lokaci ɗaya da Manchester United da Liverpool, wanne ake sakawa a babban allo?

Kan StarTimes ɗin ma an sha jita-jita, kuma a nan kam akwai abin da ya haife ta. An ba shi kwangilar gina hanyar talabijin ta dijital a 2012, aka soke a 2015 aka ba kamfanin K-NET na gida, aka je kotu. A 2018 ƙungiyar masu tashoshi masu zaman kansu, GIBA, ta tashi tsaye tana cewa ana neman miƙa masa hanyar da duk tashoshin ƙasa ke bi, a daidai lokacin da ake raba dish kyauta a ƙauyuka 300 cikin shirin China na ƙauyuka 10,000 na Afirka. Wannan tambaya ce mai ma'ana, domin wanda ke riƙe da bututun da labarai ke bi yana riƙe da abin da ya fi kasuwa. Irin wannan tambayar mallaka ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Ta sha bamban da "an ce wai wane ne ke ci".

Sai rigimar 2025. A Afrilu aka ƙara kuɗin wata na DStv da kashi 15. Cikin watanni kaɗan sidi ya yi ƙarfi, dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa wajen 10. Ministan sadarwa Sam George ya ce tunda da dala kuke kafa hujja in za ku ƙara, yanzu ku rage kashi 30, in ba haka ba daga 7 ga Agusta hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta taɓa lasisi. Ya kawo misali cewa babban kunshin da muke biyan sidi 865, sama da dala 80, ɗan Najeriya na biyan kimanin dala 29. Kamfani ya ce ba zai yiwu ba. Na ji daɗin yadda ministan ya tsaya, ba zan ɓoye ba, an daɗe ba a yi magana da murya irin wannan a madadin mai biya ba. Sai dai kwatancen Najeriya na da ɗan rami, domin faɗuwar naira tun 2023 ita ta sa farashinsu ya zama ƙarami in an juya shi zuwa dala, ba tausayi aka yi musu ba.

Me aka ƙare da shi? Daga 1 ga Oktoba aka ɗaga kowa, ban da masu babban kunshi, zuwa kunshin da ke sama da nasa a kan kuɗin da yake biya. Mai gidan kallo da mai iyali sun amfana, ban raina ba. Amma ku lura, ba farashin aka sauke ba, kaya aka ƙara a mudu. Mai kayan da ba kowa ke da irinsa ba, in an matsa masa, gyara yake ƙarawa, ba ya rage kuɗin mudu. Kuma a lokacin nan ma me aka yi ta yaɗawa a WhatsApp? Wai ministan na share wa wani kamfani hanya ne, wasu kuma wai an riga an gan shi da ambulan. Babu mai hujja ko ɗaya. Mun sake komawa kan "na wane ne".

Wasu na cewa a tilasta raba wasannin tsakanin kamfanoni biyu ko uku. Ina ganin ya kamata a duba, amma kada a ɗauka maganin a sha yanzu ne. An yi haka a Ingila kanta: hukumar Tarayyar Turai ta sa aka daina sayar wa kamfani ɗaya duka, daga 2007 Setanta ya samu kaso, a 2009 ya durƙushe, kuma mai son ganin kowane wasa ya koma biyan wuri biyu. Abin da ni na fi so a matsa a kai shi ne a ware ƙwallo a sayar da ita ita kaɗai, na wata ko na mako ko ma na rana, kamar yadda muke sayen data. Mai gadi da ke hutun Lahadi kaɗai me zai sa ya biya kwana talatin da tashoshin girki na Turawa? Sai kuma a sa wasu wasannin, musamman na Black Stars, su zama dole a tashar kyauta ko wa ya saya.

In ba a yi ba, kasuwa za ta yi nata hukuncin ta bayan fage, ta ma fara. Ni kaina na faɗa. Na sayi wani ɗan akwatin kallo na bayan fage a wani shago a Circle, mai shagon ya rantse mini cewa sau ɗaya ake biya, har abada. Wata huɗu na yi ina kallo kamar sarki. Ranar wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai, na tara abokai, an dafa shayi, abu ya tsaya yana ta juya ƙwallo a tsakiyar allo. Washegari na koma, na tarar wani ne a shagon yana sayar da murfin waya. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, na san abin da na saya.

Da ruwa ya ɗauke ran Lahadin, hoto ya dawo, an riga an ci ɗaya ba mu gani ba. Baba Alhaji ya gyara zama ya ce shi dai har yanzu yana kan bakansa, akwai babban mutum a ciki. Mai wurin bai ce masa komai ba, ya ɗauko 'yar robar da ake zagayawa da ita, ya ce kuɗin wata zai ƙare ran Laraba, kowa ya kawo sidi goma-goma.