Ƙafar da Ke Tsaye Ita Ta Ji Jiki

Ciwon gwiwa na kai wa likitar gashin ƙashi, ita kuwa ko kallon gwiwar ba ta yi ba. Cewa ta yi in tsaya da ƙafa ɗaya. Ina ɗaga ƙafa, sai ƙuguna ya zube ta ɓangaren da na ɗaga. Ta ce wannan ita ce alamar Trendelenburg, sunan wani likitan tiyata Bajamushe da ya bayyana ta a 1895. A taƙaice dai, tsokar gefen mazaunaina ta yi ritaya ba ta sanar da ni ba. Tsokoki uku ne a wurin, babba da matsakaiciya da ƙarama. Biyun ƙarshe su ke riƙe ƙugu daidai duk sanda mutum ya taka da ƙafa ɗaya, in sun yi sanyi sai gwiwa ta riƙa faɗawa ciki tana biyan bashin da ba ita ta ci ba. Ta tura ni gidan motsa jiki, ta ce in nemi na'urar buɗe cinya ta tsaye.

Da na gan ta sai da na yi murmushi. Ɗan dandamali ne da ake hawa, da mariƙi biyu, da hannun ƙarfe mai matashi da ke zama a gefen cinya, sama da gwiwa kaɗan. Aikinka kawai ka tura ƙafa gefe ka dawo da ita. Ga ƙarti can suna nishi a ƙarƙashin manyan ƙarafa, ni kuma an haɗa ni da wasan yara.

Wata hajiya ce a kai, siririya, ta girme ni nesa ba kusa ba. Tana turawa tana hira a waya. Da ta sauka na leƙa inda ta soka ƙarfen zaɓen nauyi, na gan shi can ƙasa-ƙasa cikin jerin farantan. To da wane ido zan rage abin da Hajiya ta bari, alhali tana tsaye tana shan ruwa tana kallona?

Na hau, na riƙe, na tura ƙafar dama. Ko gezau. Na ƙara ƙarfi, matashin ya zame ya tattaro mini wando har tsakiyar cinya, don an ɗaga dandamalin daidai tsawon Hajiya ne. Da na ga abin zai zama tonon asiri, sai na kwanta gefen hagu gaba ɗaya, ƙafar kuwa ta tashi sama. Har na fara jin kaina.

"Yallaɓai, miƙe," in ji koci daga bayana. "Kwatangwalo ba ya buɗewa ya wuce digiri 45 ko kusa da haka. Duk abin da ya haura, bayanka ne ke yi maka satar amsa."

Ya sauke dandamalin har gindin hannun ƙarfen ya yi saiti da gaɓar ƙuguna, ya ce yatsun ƙafa su kalli gaba. Nauyin dai bai taɓa ba, ina zargin da gangan ne.

A nan ne na'urar ta nuna halinta. Ƙafar dama ce ke aiki, amma gefen mazaunin hagu ne ya kama da wuta. Wannan ƙafa da nake ganin hutu take yi, ashe ita ke ɗauke da ni dukana, tana kuma tokare ƙugu kada nauyin ya ture ni. Ina saman turawa tsokar ta murɗe. Koci yana cewa a hankali, a hankali, ni kuwa hankalin ya riga ya yi gaba. Na saki. Farantan suka faɗo ƙwararam, matashin ya kwashe ƙafar dama ya gicciye ta a gaban ta hagu, na rage ina reto a jikin mariƙi. Har masu abin sauraro a kunne sai da suka waiwayo.

Hajiya ta matso, ta zare ƙarfen ta mayar da shi faranti na biyu. "Sannu Malam. Ni ma daga nan na fara."

Na sauko ina laluben bango.

"Ina zuwa, Yallaɓai? Saura ta hagu."

Washegari da sauƙi-sauƙi. Jibi ne aka yi ta, kamar yadda likitar ta ce irin wannan tsamin jiki yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72. Kwanciya ta dama ciwo, ta hagu ciwo. Fitowa daga mota sai na ɗauko cinya da hannu biyu na ajiye ta waje. Na shiga ofis ina tafiyar agwagwa, wani abokin aiki ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce ba abin kunya ba ne, shi ma ya yi fama da basir.

Da na samu na koma, koci ya tarbe ni da fara'a. Ya juya hannun ƙarfen, matashin ya koma ta cikin cinya. Ya ce ai na'urar aiki biyu take yi, ranar nan buɗewa muka yi, yau kuma tattarowa.

Na ce masa na manta wayata a mota, bari in ɗauko. Ya kalli wayar da ke hannuna, ya ce in gaida gida.