Ku bambanta XRS da sauran Corolla

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari, amma inda ka ce duk Corolla ta 2009 shan mansu ɗaya ne, a nan ban yarda ba. Corolla samfurin LE da S da XLE injin lita 1.8 gare su, ƙarfin doki 132. Ita kuwa XRS injin lita 2.4 aka ɗora mata, irin na Camry, doki 158. Ta ina shansu zai zo ɗaya?

Ni LE nake ja, duk Alhamis daga ƙauyenmu ta Gumel zuwa kasuwar Maigatari, buhunan riɗi biyu a but. Ƙanina ya ɗauko XRS don ya ga fuka-fuki da manyan tayoyi. Wallahi tana da gudu, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ta fi kwana a ƙarƙashin darbejiya, kaji na fakewa a inuwarta.

Sannan a hanyar burji irin tamu, tayoyin XRS masu inci 17 sirara ne, rami ɗaya sai ka nemi mai faci. Don Allah ku gyara wannan wurin a rubutunku, mutane da shi za su je wajen dillalin mota.